Yadda Ake Auna Aikin Sashen Kimiyyar Amfanin Gona: Kuɗin Bincike, Iri da Ɗalibai

"Assalamu alaikum Malam. Na kammala digirin farko a fannin aikin gona, kuma ina shirin neman gurbin digiri na biyu. Na karanta rahoton shekara na wani sashen kimiyyar amfanin gona, inda suka jera tallafin binciken da suka samo, da maƙalun da malamansu suka wallafa, da lambobin yabo da tarukan da suka halarta. Abin ya burge ni, amma daga baya na tsaya ina tambayar kaina: mene ne ainihin aikin irin wannan sashe, daga ina kuɗin ke fitowa, ina suke tafiya, kuma me ya sa manomi ba ya ganin amfanin abin da wuri? Ta yaya mutum zai bambance sashen da ke aiki na gaskiya da wanda ya iya rubuta rahoto kawai?"

Wa alaikumus salam, ƙanena, Allah ya sa albarka a karatun. Idan na fahimce ka daidai, abin da kake nema shi ne ma'aunin da za ka ɗora wannan rahoto a kai, domin ka san ko wurin ya cancanci ka ba shi shekara biyu ko uku na rayuwarka. Amsata a taƙaice ita ce, tallafin da aka samo kayan aiki ne, kamar taki da iri a hannun manomi kafin damina, kuma ba a yi wa manomi shaida da yawan takin da ya saya sai an ga abin da ya shiga rumbu. Babbar matsalar wannan fanni kuwa, wadda rahoton shekara ba ya cika nunawa, ita ce wa'adin kuɗi ya fi wa'adin shuka gajarta nesa ba kusa ba. Wanda ya gane wannan zai iya karanta kowane rahoto ya san inda zai tsaya ya yi tambaya.

Ayyuka uku da ke wuyan sashen

Sashen kimiyyar amfanin gona yana ɗauke da ayyuka uku a lokaci guda: koyar da ɗalibai, gudanar da bincike, da isar da sakamakon ga manoma. Haɗa ukun nan a ƙarƙashin inuwar jami'a ɗaya ya samo ƙarfinsa ne daga Amurka, inda dokar Morrill ta 1862 ta ba jihohi filaye domin su kafa kwalejojin noma, dokar Hatch ta 1887 ta ware kuɗin tashoshin gwaji a jikin waɗannan kwalejoji, sannan dokar Smith-Lever ta 1914 ta kafa aikin malaman gona. Ƙasashe da yawa sun ɗauki wannan tsari, wasu kuma sun raba aikin, suka bar koyarwa ga jami'a, bincike kuma ga cibiyoyin gwamnati. Yana da kyau ka san wane tsari ne sashen da kake nema yake kai, domin sashen da ke manne da cibiyar bincike mai gonaki da ma'aikatan fili na dindindin yana iya abin da sashen da ba shi da komai sai azuzuwa da ɗan fili a bayan tsangaya ba zai iya ba, ko da malamansu sun yi daidai a ilimi.

A cikin sashen kansa akwai masu inganta iri, akwai masana dabarun noma da ke nazarin lokacin shuka da tazarar shuka da yawan taki, akwai masana cututtuka da ƙwari da ciyayi, akwai masana yadda tsiro ke sarrafa ruwa da haske, akwai kuma masana fasahar iri da ajiya. Ni ɓangarena shi ne inganta irin hatsi da wake, don haka yawancin misalaina daga nan za su fito.

Yadda sabon iri yake fitowa

Bari in kai ka gona, domin a nan ne amsar tambayarka ta "me ya sa ba a gani da wuri" take. A ce muna da irin wake mai yawan 'ya'ya amma ƙuduji na kashe shi, da wani irin da ƙuduji ba ya kama shi amma ƙwayarsa ƙanana ce, manoma ba sa so. Aikin farko shi ne a haɗa su. Da yamma ake zuwa wurin furen da zai buɗe gobe, a tsaga shi a hankali da ɗan matsefata, a cire sassan namiji guda goma ɗaya bayan ɗaya ba tare da an taɓa na macen ba. Da sassafe, kafin rana ta yi zafi, a ɗauko buɗaɗɗen furen ɗaya irin a goga garinsa a kan na macen, a ɗaura ɗan kati mai ɗauke da sunayen iyayen biyu da kwanan wata. Da yawa daga cikin furannin da aka yi wa wannan aiki kaɗewa suke yi bayan kwana biyu, musamman idan akwai zafi, sai a sake. A dawa kuma takarda ake rufa wa zangarniya kafin ta fara bununi, domin kada iska ta kawo garin wata dawar da ba a so.

Abin da ya fito daga wannan haɗi ba iri ba ne tukuna. Zuriya ta biyu tana fitowa a warwatse, wani tsiron dogo wani gajere, wani mai saurin nuna wani mai jinkiri, kuma a cikin ɗaruruwa ko dubbai ne ake neman 'yan kaɗan da suka haɗa halayen da ake so. Duk lokacin da tsiro ya yi barbara da kansa, gaurayen halayen da ke cikinsa na raguwa da rabi, ta yadda sai an kai zuriya ta shida kafin layin, wato zuriyar da aka biyo daga tsiro ɗaya, ya daidaita da kusan kashi 97 cikin ɗari. Wanda ba shi da ruwan noman rani zuriya ɗaya zai samu a shekara, ka ga shekara shida sun tafi kafin a fara gwajin yawan amfani. Daga nan sai gwaji a tasha, sai gwaji a wurare daban-daban na aƙalla damina biyu, domin irin da ya yi fice a ƙasa mai laka a shekarar da ruwa ya wadata yana iya faɗuwa a jigawa a shekarar fari. Sai gwaji a gonakin manoma, sai a kai bayanan gaban kwamitin ƙasa da ke amincewa da sababbin iri, wanda zai duba ko irin ya bambanta da waɗanda ake da su, ko tsiransa sun yi bai ɗaya, kuma ko halayensa na tsayawa daga shuka zuwa shuka. Idan aka haɗa lissafi, shekara takwas zuwa goma sha biyu ne abin da aka saba gani daga ranar haɗa fure zuwa ranar fitar da iri.

Tarihin fannin ya tabbatar da haka. Norman Borlaug ya isa Meksiko a 1944 a ƙarƙashin shirin Gidauniyar Rockefeller, kuma duk da dabararsa ta shuka alkama sau biyu a shekara, sau ɗaya a Sonora sau ɗaya a tuddan Toluca, gajerun irin alkamar da suka sa aka ba shi lambar Nobel a 1970 ba su fito ba sai 1962. George Shull ya bayyana ƙarfin da masara ke samu daga haɗa tsarkakan layuka biyu a 1908, amma sai a shekarun 1930 manoman Amurka suka fara shuka irin da yawa. A Jami'ar Ahmadu Bello, waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar da ke huda kwanson wake, wanda Farfesa Mohammad Ishiyaku ya jagoranci aikinsa a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru tare da gidauniyar AATF da hukumar CSIRO ta Ostireliya, ya shiga gwajin killataccen fili a 2009, aka fitar da shi a ƙarshen 2019.

Akwai hanyoyin rage wannan lokaci. Ban ruwa na ba da zuriya biyu ko uku a shekara. Gwajin ƙwayoyin gado a ganyen ƙaramin tsiro na nuna wanda ya ɗauko halin da ake nema tun kafin ya yi fure, sai a zubar da sauran. A 2018 masu bincike na Jami'ar Queensland da Cibiyar John Innes ta Ingila suka nuna cewa idan aka ba alkama da sha'ir hasken fitila na awa 22 a rana, ana iya samun zuriya har shida a shekara. Amma duk waɗannan suna gajarta matakin daidaita layi ne kawai. Gwajin damina a gona ba shi da gajeriyar hanya, domin babu fitilar da za ta gaya maka yadda iri zai yi idan ruwa ya ɗauke mako uku a lokacin fure.

Inda kuɗin ke fitowa da inda suke tafiya

A yawancin jami'o'in gwamnati, abin da gwamnati ke biya kai tsaye shi ne albashi da gine-gine, kuɗin gudanar da gwaji kuwa malami ne ke fita ya nemo. Hanya ta farko ita ce asusun bincike na ƙasa, inda ake rubuta buƙata a yi takara, kamar asusun TETFund a Nijeriya wanda ake tara kuɗinsa daga harajin da ke kan ribar kamfanoni. Ta biyu ita ce gidauniyoyi da hukumomin ƙasashen waje, irin su Gidauniyar Gates, da Rockefeller, da McKnight, da Tarayyar Turai, da Bankin Duniya, kuma sau da yawa kuɗin nan na biyowa ta hannun cibiyoyin CGIAR, wato haɗakar cibiyoyin binciken noma na ƙasa da ƙasa, kamar IITA da aka kafa a Ibadan a 1967 da ICRISAT da aka kafa a Indiya a 1972. Ta uku ita ce manoma da kansu. A Ostireliya manoman hatsi na biyan kusan kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin amfanin da suka sayar ga hukumar GRDC, gwamnati ta ƙara nata, kuma a ganina wannan ita ce hanya mafi lafiya, domin wanda ke biya shi ne wanda zai shuka sakamakon, don haka ba ya barin a yi masa bincike a kan abin da bai dame shi ba. Akwai kuma kwangilar kamfanonin iri da taki da maganin feshi, da kason da jami'a ke karɓa daga sayar da irin da ta mallaka a ƙasashen da dokar kare haƙƙin mai iri ke aiki.

Idan ka ga an rubuta cewa sashe ya samu tallafin miliyoyi, ka yi tambaya uku kafin abin ya burge ka. Na shekara nawa ne? Tsakanin cibiyoyi nawa za a raba? Sashen ne ke jagorantar aikin, ko kuwa an ba shi wani yanki ne ya shuka gwaji ya aika da lambobi? Ba sabon abu ba ne a rubuta jimillar kuɗin aikin da ya haɗa jami'o'i shida a ƙasashe huɗu na shekara biyar, alhali abin da ya shigo sashen ɗan kaso ne. Daga kason ma jami'a na cire nata na gudanarwa, wanda gidauniyoyi da yawa ke tsayarwa tsakanin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, a manyan jami'o'in Amurka kuma abin da ake ɗorawa a kan tallafin gwamnati yakan haura kashi 50 na kuɗin aikin kai tsaye.

Abin da ya rage kuwa a fili yake ƙarewa. Gwaji ɗaya mai iri ashirin, kowanne an maimaita shi sau uku, fegi sittin ke nan a wuri ɗaya, idan wurare biyar ne fegi ɗari uku. Kowane fegi sai an auna shi da igiya, an shuka da hannu, an cire tsiran da suka yi yawa, an yi noma, an ƙirga kwanakin fure, an girbe shi daban, an sussuke shi daban, an auna nauyinsa da danshinsa daban. Wannan maimaici da rarraba iri ta hanyar ƙuri'a gadon Ronald Fisher ne, wanda ya fara aiki a tashar Rothamsted ta Ingila a 1919, kuma ba don su ba, da ba za a taɓa sanin ko irin ne ya yi kyau ko kuwa ya dace da gefen gona mai ƙarfi ba. Kuɗin leburori, da man mota zuwa wuraren gwaji, da man injin ban ruwa, da sinadaran ɗakin gwaje-gwaje da ake saye da kuɗin waje, da alawus ɗin ɗalibai, su ne ke cinye kasafin. A ƙasar da darajar kuɗinta ke faɗuwa, kasafin da aka rubuta a shekarar farko ba ya kaiwa ta uku.

Wa'adin kuɗi da wa'adin shuka

A nan ne nake so ka tsaya sosai. Yawancin tallafin bincike na shekara uku ne zuwa biyar, aikin iri kuma na shekara goma ne. Ma'anar wannan ita ce, babu irin da tallafi ɗaya ya fara ya kuma gama. Duk irin da ka ga an fitar, an ɗauko shi ne daga tallafi zuwa tallafi, kuma tsakanin kowane biyu akwai giɓin da aikin shekaru ke iya mutuwa a cikinsa, wannan ita ce illa ta farko.

Na ga yadda wannan mutuwa take da idona a wani wurin da aiki ya kai ni. Ɗaki ne cike da ambulan na takarda jere a kan katako, kowacce da lambar layi da shekarar girbi, aikin wani malami na tsawon lokaci. Tallafin ya ƙare, injin sanyaya ɗakin ya lalace ba a samu kuɗin gyara ba, ma'aikacin da ya san ma'anar lambobin kuma an sallame shi domin albashinsa a kan tallafin yake. Da muka buɗe ambulan, wasu gari ne da ƙwari a ciki, waɗanda suka tsira daga ƙwari kuma da aka jiƙa su a kan takarda 'yan ƙalilan ne suka tsiro. Iri abu ne mai rai. Ƙa'idar da masana ajiya ke aiki da ita ita ce, duk ragin kashi ɗaya na danshin ƙwaya, ko ragin digiri biyar na zafin ɗaki, yana ninka tsawon rayuwar irin, shi ya sa manyan rumbunan iri ke ajiya a ma'aunin 18 ƙasa da sifili. Cibiyar ICARDA, mai binciken noma a yankunan da ruwa ya yi ƙaranci, ta tsira da tarin irinta daga yaƙin Siriya ne saboda ta riga ta ajiye kwafinsa a rumbun Svalbard na ƙasar Norwe, wanda aka buɗe a 2008, ta kuma fara karɓo shi a 2015. Sashen jami'a ba ya bukatar yaƙi kafin ya yi irin wannan asara, katsewar lantarki da katsewar kuɗi sun isa.

Illa ta biyu ita ce sauya alƙibla. Malamin da dole ne ya samo kuɗi duk bayan shekara uku yakan bi inda kuɗin suke, bana sauyin yanayi, baɗi sinadaran gina jiki, wata shekara kuma sabuwar annoba. Wani lokaci hakan daidai ne, domin da tsutsar masara mai cin ganye ta ɓulla a Afirka ta Yamma a farkon 2016 ta kuma isa Indiya a 2018, wajibi ne masana su juya gare ta. Amma idan ya zama ɗabi'a, sai a wayi gari sashe na da ayyuka goma da aka fara, babu ko ɗaya da aka kai ga manomi. Amfanin gonar da masu ba da tallafi ba su damu da shi ba kuma a bar shi babu mai kula, ko da miliyoyin mutane sun dogara da shi.

Illa ta uku ta bayyana ƙarara a 2025, lokacin da gwamnatin Amurka ta rufe hukumar USAID, akasarin cibiyoyin binciken noma da take ɗaukar nauyi a jami'o'in ƙasar suka tsaya, gwaje-gwajen abokan aikinsu a Afirka da Asiya su ma suka tsaya a tsakiyar hanya. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Maputo a 2003 cewa za su ware kashi 10 cikin ɗari na kasafinsu ga noma, ƙasashe kaɗan ne suka cika. Abin da nake ganin ya wajaba a kan kowace gwamnati da kowace jami'a bai kai wannan girma ba: su ɗauki nauyin ɗakin sanyi, da ban ruwa, da albashin ma'aikatan fili, daga kuɗinsu na kansu, a bar tallafin waje ya zama ƙari. Brazil ta kafa hukumar Embrapa a 1973, ta tura ɗimbin ma'aikatanta karatu mai zurfi, ta riƙe su shekaru da kuɗin ƙasa, kuma daga wannan riƙo ne aikin ƙwayoyin bakteriya da ke samar wa waken suya sinadarin naitirojin daga iska ya bunƙasa, aikin da ya sa Mariangela Hungria ta samu Lambar Abinci ta Duniya a 2025.

Yadda za ka karanta jerin nasarori

Maƙala tana da daraja, domin ita ce hanyar da sauran masana ke bi su tantance aiki, kuma sakamakon da ba a rubuta ba yana tafiya da mai shi. Amma yawanta kaɗai ba ya nuna komai, tunda akwai mujallun da ke karɓar kuɗi su wallafa duk abin da aka aika musu cikin mako ɗaya. Ka ɗauki uku ko huɗu ka karanta sashen da ke bayanin yadda aka yi gwajin. Idan damina ɗaya ce a wuri ɗaya aka gina shawara ga manoman ƙasa baki ɗaya a kai, ka san nauyin aikin. Ka duba kuma ko sunayen ɗalibai na fitowa a farkon jerin marubuta, domin hakan na nuna malaman na ɗaga na ƙasa da su.

Fitar da iri nasara ce babba, sai dai ba ita ce ƙarshen tafiya ba. Ranar da kwamiti ya amince da iri, abin da ke hannun mai shi bai wuce 'yan kilo ba. Dole a ninka wannan ya zama irin tushe, kamfanoni ko ƙungiyoyin manoma su ninka irin tushe ya zama wanda hukuma ta tantance, sannan ya isa shagon mai sayarwa kafin ruwan shuka. A wannan mataki ne iri da yawa ke maƙalewa, suna cikin kundin rajista amma babu su a gonar kowa. Saboda haka idan an ce maka an fitar da iri biyar, ka tambayi tan nawa na irin tushe aka samar bara, kuma wa ya saya. Ka tambayi kuma ko an sa manoma, da matan da ke sarrafa amfanin, da 'yan kasuwa, sun zaɓa tun ana gwaji, domin na sha ganin layin da ya fi kowanne yawan amfani a takarda, manoma suka wuce shi suka tsaya a kan na uku saboda launin ƙwaya ko yawan harawa.

Wasu manyan nasarori ba iri ba ne sam. Buhun ajiya na PICS mai rufi uku, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda ke kashe ƙwarin wake ta hanyar hana su iska ba tare da magani ba, ya fito ne daga aikin Larry Murdock na Jami'ar Purdue da abokan aikinsa a arewacin Kamaru tun ƙarshen shekarun 1980, amma bai bazu ba sai da aka samu kuɗin yaɗa shi a 2007. A wannan jami'a ce Gebisa Ejeta, ɗan ƙasar Habasha, da abokan aikinsa suka bi diddigin yadda ƙwayar ƙuduji ke kwance a ƙasa har sai ta ji sinadarin da saiwar dawa ke fitarwa kafin ta tsiro, suka samar da dawar da ke fitar da kaɗan daga sinadarin, aikin da ya kai shi ga Lambar Abinci ta Duniya a 2009.

Nasarar da na fi ba muhimmanci, wadda kuma ta fi shafar ka, ita ce ɗalibai. Iri yakan tsufa, cuta ta sauya ta karya juriyarsa, amma mutumin da aka horar da kyau zai yi shekara talatin yana fitar da wasu. Cibiyar WACCI da Farfesa Eric Danquah ya kafa a Jami'ar Ghana a 2007 an gina ta ne a kan wannan tunani, cewa a horar da masu inganta iri a nahiyarsu, a kan amfanin gonar ƙasashensu, su yi gwajin digirinsu a cibiyoyin da za su koma aiki. Idan sashe zai iya gaya maka inda ɗalibansa na shekara goma da suka wuce suke a yau da abin da suke yi, wannan ya fi mini jerin lambobin yabo.

Iyakar wannan ma'auni

Ban ga sashen da kake magana a kai ba, kuma ba adalci ba ne a yanke wa mutane hukunci daga rahoto. Lissafin shekarun da na ba ka na hatsi da wake ne, na rogo da doya da itatuwa irin su koko ya sha bamban, wasu sun fi haka tsawo ƙwarai. Sannan ma'aunin "me ya isa gona" ba ya dacewa da kowane bincike. Barbara McClintock ta gano a shekarun 1940 cewa wasu ƙwayoyin gado na masara na sauya mazauni, ba ta fitar da iri ko ɗaya ba, aka ba ta lambar Nobel a 1983, kuma ilimin tsirrai na yau ya ginu a kan aikinta. Gwajin alkama na Broadbalk a Rothamsted, wanda aka fara a 1843 kuma har yau ake shuka shi, yana amsa tambayoyi kan ƙasa da taki waɗanda masu fara shi ba su taɓa tunaninsu ba. Haka kuma ƙaramin sashe mai ƙarancin kuɗi yana iya ƙunsar malami ɗaya mai riƙon amana wanda zai koya maka fiye da abin da za ka samu a babban wuri inda mai duba aikinka ke yawon taro.

Shawarata ita ce ka je da ƙafarka, kuma ka je a tsakiyar damina, lokacin da gona ba ta iya ɓoye komai. Ka duba ko kowane fegi na da alamarsa a tsaye da rubutu mai karantuwa, ko ciyawa ta rufe gwajin, ko littafin fili na cike da bayanan wannan makon. Ka nemi a nuna maka ɗakin ajiyar iri, ka ji ko akwai sanyi a ciki. Ka gaisa da ma'aikatan fili ka tambayi shekarunsu a wurin, domin su ne ke riƙe da tarihin kowace kunya. Ka keɓe da ɗaliban da ke gabanka, ba a gaban malamansu ba, ka ji shekara nawa suke ɗauka kafin su gama, da wanda ke biyan kuɗin gwajinsu.

Idan ka zauna da malamin da kake so ya duba aikinka, ka tambaye shi cikin ladabi wane tallafi ne zai ɗauki gwajinka, kuma a wace shekara zai ƙare. Kundin digiri na biyu mai nauyi yana bukatar bayanan damina biyu, ko damina ɗaya da rani ɗaya idan akwai ban ruwa, don haka tallafin da saura wata takwas ya rufe ba zai kai ka ba sai idan akwai wani a bayansa. Ka tambaye shi kuma ko aikinka yanki ne na wani dogon shiri da ke tafiya, ta yadda layukan da za ka zaɓa za su samu mai ɗaukarsu bayan ka tafi, kuma ka nemi a rubuta wannan a cikin takardar tsarin bincikenka tun kafin ka shuka ƙwaya ta farko. Allah ya yi maka jagora, ya haɗa ka da malami nagari.